Bin Sawun Gidan Maersk a Ƙasar Danmak

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tashar jiragen ruwa, ko ya bi bayan tirela a kan babbar hanya, da wuya a ce bai taɓa ganin kwantena mai farin tauraro mai tsini bakwai a cikin shuɗin fili ba, da sunan Maersk a jikinta da manyan baƙaƙe. Ba kowa ya san cewa wannan suna na wani gida ba ne, kuma har yau zuriyar gidan ce ke riƙe da akalar kamfanin, fiye da shekara 120 da kafa shi. Wannan ne ya kai ni Danmak, ƙasar da mutanenta kimanin miliyan shida ne kacal, domin na daɗe ina mamakin yadda dukiyar gida ɗaya za ta bi hannun uba da ɗa da jika har ta kai ga tsatso na biyar ba ta wargaje ba, alhali abin da aka saba gani a ko'ina shi ne da zarar mai kafa kasuwanci ya kwanta dama, sai magada su raba abin da ya bari, kowa ya kama gabansa.

Na fara da Dragør, wani ƙaramin gari a kudancin tsibirin Amager, wanda tsakaninsa da filin jirgin saman Kopenhagen tafiyar 'yan mintuna ce a bas. Lungunan tsohon garin matsattsu ne, an shimfiɗe su da duwatsu, gidajen kuma kusan duk rawaya ne, wasu da jan rufi, wasu da rufin ciyawa mai kauri. Daga bakin ruwa ana hango doguwar gadar da ta haɗa Danmak da Suwidin, jiragen sama kuwa suna ta saukowa ƙasa-ƙasa ta saman gidajen. A ƙarni na 19 garin nan yana cikin waɗanda suka fi yawan jiragen katako masu tafiya da iska a duk ƙasar, kuma a nan aka haifi Arnold Peter Møller a 1876. Mahaifinsa, Kyaftin Peter Mærsk Møller, ba ɗan garin ba ne. An haife shi a 1836 a tsibirin Rømø da ke gaɓar yamma, ya shiga aikin teku tun yana yaro, ya tuƙa jiragen wani attajirin Dragør mai suna Hans Nielsen Jeppesen, har ya auri 'yarsa Anna. Yaron ya sha teku a nono ke nan ta wajen uwa da ta wajen uba.

A watan Disambar 1883 jirgin da kyaftin yake tuƙawa, Valkyrien, ya tarwatse cikin guguwa a gaɓar Sikotlan. Mutumin ya tsira da ransa, amma yana da shekara 47 da 'ya'ya da yawa, ba shi da jirgi. Maimakon ya nemi wani jirgin katakon ya koma abin da ya saba, sai ya yanke cewa zamanin iska ya wuce, ya zauna ya yi karatun da zai ba shi izinin tuƙa jirgi mai injin tururi, ya kwashe iyalinsa a 1884 zuwa Svendborg. Dragør ita kam ba ta yi wannan ƙaura ba, ta riƙe jiragen katakonta har suka ƙare, kuma abin da na tarar a tasharta yau ƙananan jiragen shan iska ne da 'yan kwale-kwalen masunta.

Daga Kopenhagen na shiga jirgin ƙasa zuwa tsibirin Fyn. A mashigin Storebælt jirgin yana nutsawa cikin rami na kilomita takwas a ƙarƙashin teku, ya fito a wani ɗan tsibiri mai suna Sprogø, sannan ya hau gada zuwa Nyborg. Kafin 1997 sai an loda taragan a jirgin fito. A Odense na sauya zuwa wani ƙaramin jirgi da ke gangarawa kudu ta cikin gonaki, cikin ƙasa da awa guda ya sauke ni a Svendborg, a daidai bakin tashar ruwa.

Garin yana kan tudu, titunansa suna gangarowa zuwa wani siririn mashigi da ya raba shi da tsibiran Tåsinge da Thurø. Jirgin fito na zuwa tsibirin Ærø yana lodin motoci lokacin da na iso, a tsallake kuma akwai maƙerar jiragen katako ta Ring-Andersen, wadda take aiki tun 1867. Na daɗe a tsaye a bakinta ina kallon wani ma'aikaci yana toshe tsagar da ke tsakanin allunan wani tsohon jirgi da aka jawo kan tudu. Yana murza zaren igiya mai ɗanƙo a kan cinyarsa, ya ɗora shi a bakin tsagar, ya dafa da wani faffaɗan ƙarfe, ya buga da gudumar katako, sai ya matsa gaba da faɗin tafin hannu ya sake, ƙamshin kwalta da ɗanyen katako ya cika wurin. Irin garin da Kyaftin Møller ya zo ke nan, garin da arzikinsa da alfaharinsa duk suna jikin katako da iska, shi kuwa yana maganar ƙarfe da kwal.

A 1886 ya sayi wani ɗan ƙaramin tsohon jirgi mai injin tururi, ya sa masa suna Laura, ya zana farin tauraro a cikin shuɗin zane a jikin bututun hayaƙinsa. A wata wasiƙa da ya rubuta wa matarsa a shekarar, ya bayyana cewa tauraron tuni ne na wani dare da take kwance rai a hannun Allah, ya roƙi Ubangiji ya ba ta lafiya, ya kuma ga tauraro ya ɓullo a cikin gajimare, ya ɗauke shi alamar an karɓi addu'arsa. Ta warke. Alamar da ke yawo a tekunan duniya a yau asalinta ke nan, addu'ar miji ga matarsa. Na hau tudu na ga gidan da suka zauna, wanda ake kira Villa Anna da sunan matar. Daga waje na tsaya, kuma gida ne na mai rufin asiri, ba fadar attajiri ba.

Shi kuwa Arnold Peter bai zama matuƙi ba, ɓangaren ciniki aka tura shi. Ya koyi aiki a shagon wani ɗan kasuwa a Sorø, ya yi aikin ofis a Newcastle ta Ingila, da Königsberg, da San Fitasbag ta Rasha, inda ya naƙalci yadda ake nemo wa jirgi kaya da yadda ake yanke kuɗin dako. A 1904 ya dawo gida ya kama aiki a kamfanin C.K. Hansen a Kopenhagen, kuma a ranar 16 ga Afrilu ta wannan shekara shi da mahaifinsa suka kafa kamfanin jiragen tururi na Svendborg. Kuɗin gidansu bai isa ba, dole suka bi 'yan kasuwar garin ɗaya bayan ɗaya suna neman su sayi hannun jari, da yawa kuma suka noƙe. Da abin da aka tara aka sayi wani jirgin hannu ƙirar Birtaniya mai suna Ada, wanda ke ɗaukar tan 2,200, aka sauya masa suna zuwa Svendborg. Aikinsa irin na motar shata ne, ba shi da hanya takamaimai ko ranar tashi, duk inda aka samu kaya nan zai nufa, yau kwal daga Ingila, gobe katako daga gaɓar tekun Baltik. Saurayin yana tafiyar da harkar jirgin ne a bayan aikinsa na albashi, wanda bai ajiye ba sai 1913.

A ganina abin da ya faru a 1912 ya fi ranar kafuwar kanta muhimmanci. Kamfanin yana samun riba, Arnold Peter yana son a ƙara jirage da sauri, amma daraktocin Svendborg, waɗanda ke wakiltar masu jarin garin, mutane ne masu taka-tsantsan, suka ja masa birki. Bai tsaya jayayya ba, sai ya kafa kamfani na biyu a Kopenhagen, wanda bai wahalar da kansa wajen nema masa suna ba, ya kira shi kamfanin jiragen tururi na 1912, kuma a cikinsa maganarsa ce ta ƙarshe. Kamfanonin biyu suka ci gaba kafaɗa da kafaɗa a ƙarƙashin hannu ɗaya har 2003 da aka haɗe su. Tun daga nan ya gane cewa wanda ya dogara da kuɗin wasu sai ya jira izinin wasu, saboda haka ya riƙa mayar da mafi yawan riba cikin kasuwancin maimakon rabawa, yana gudun bashin da zai sa banki ya juya shi. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kawo wa masu jirage a Danmak kuɗi kamar ƙasa, tunda ƙasar ba ta shiga yaƙin ba, kuɗin dako kuma ya yi tashin gwauron zabo. Da yawa suka sayi jirage da tsada suna zaton kasuwar za ta ɗore, da ta faɗi bayan yaƙin suka tafi da ita. Shi ya fito da kuɗinsa a hannu, har ya kasance cikin waɗanda suka sa jari a babban bankin Landmandsbanken lokacin da aka sake tsara shi bayan durƙushewarsa ta 1922, bankin da a yau ake kira Danske Bank, wanda har yanzu gidan ke da kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa.

Kafin in bar Svendborg na zaga ta sabon ginin makarantar horar da jami'an jiragen ruwa ta SIMAC da ke bakin tasha, wanda gidauniyar gidan ta taimaka da kuɗin gina shi. Samari da 'yan mata suna ta shiga da fita, kuma daga cikinsu ne kamfanin ke ɗibar matuƙa da injiniyoyinsa. Hedikwata ta daɗe da barin garin, amma wannan igiyar ba a tsinka ta ba.

Na koma Odense, inda A.P. Møller, kamar yadda aka fi saninsa, ya kafa maƙerar jiragen ƙarfe a ƙarshen yaƙin farko domin kada ya riƙa jiran layi a maƙerun wasu. A shekarun da suka biyo baya ne kamfanin ya fita daga aikin shata zalla. Ya buɗe ofis a New York a 1919 tare da ɗan uwansa Hans Isbrandtsen, kuma ranar 12 ga Yulin 1928 jirgin Leise Mærsk ya tashi daga Baltimore ɗauke da kayan haɗa motocin Ford, ya ratsa mashigin Panama zuwa Gabas Mai Nisa. Wannan ne farkon Maersk Line, wato jirage masu hanya sananniya da ranar tashi sananniya, ko sun cika ko ba su cika ba. Irin wannan aiki yana cin jari mai yawa, domin sai an tanadi jirage da dama da wakilai a kowace tasha kafin a ga riba, amma shi ne ke sa ɗan kasuwa ya saba da kamfani ya riƙa dawowa. A shekarar ce kuma suka sayi jiragen dakon mai na farko.

Da jirage suka fi ƙarfin siririyar hanyar ruwan Odense, sai aka gina sabuwar maƙera a Lindø a 1959, a bakin gaɓa, aka kuma mayar da ƙauyen Munkebo da ke kusa gari guda domin ma'aikata. Can na nufa a bas. Tun daga nesa ake hango ƙaton injin ɗaga kaya mai ƙafafu biyu wanda aka ƙera domin ɗaukar tan 1,000, aka kuma kafa shi bayan guguwar Disambar 1999 ta kayar da na farko a kan wani jirgi da ake ƙerawa. Layukan gidajen Munkebo iri ɗaya ne, ƙanana masu tsabta, kowanne da ɗan lambunsa. A wurin jiran bas na zauna kusa da wani dattijo wanda ya ce ya yi rayuwarsa yana walda a maƙerar. Ya nuna mini bayan hannuwansa, duk ɗigo-ɗigon farin tabo na tartsatsin wuta, ya ce a zamaninsu idan aka tashi daga aiki kekuna ne ke cika titin nan har mota ba ta samun wurin wucewa. Ya yi maganar gidan Møller da girmamawa, amma ba da ƙauna ba, ya ce mutane ne masu biyan haƙƙi a kan lokaci, masu ƙirga kowane ƙusa.

A wannan maƙera ake ganin halin gidan game da kwantena. Ba su ne suka ƙirƙiro ta ba. Wani Ba'amurke mai motocin dako, Malcom McLean, shi ya fara loda kwantena 58 a jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston a 1956. Kafin nan leburori ne ke loda buhu da akwati da ganga ɗaya-ɗaya, jirgi ya shafe mako ko fiye a tasha, ga sata ga fashewar kaya. Kamfanonin Amurka da Birtaniya da Jamus da Japan duk sun riga Maersk shiga sabuwar hanyar, ita kuwa ta yi kusan shekara ashirin tana kallo, har girman kwantena ya daidaita a duniya, tasoshi suka sayi injinan ɗauka, waɗanda suka yi gaggawa suka gama yin asarar gwaji. Sai ranar 5 ga Satumbar 1975 jirgin Adrian Mærsk ya tashi daga tashar Elizabeth a jihar New Jersey da kwantena 385. Amma da suka shigo, da jerin sababbin jirage suka shigo a lokaci guda, abin da kamfanin da masu jari ke tsaye a kansa suna jiran rabon riba duk shekara zai sha wuya kafin ya yi. Sannu ba ta hana zuwa, musamman ga wanda guzurinsa ke aljihunsa. A 1999 Maersk ta saye harkar kwantena ta Sea-Land, kamfanin da McLean ɗin ya kafa, tare da Safmarine ta Afirka ta Kudu, a 2005 ta haɗiye P&O Nedlloyd, a 2017 kuma Hamburg Süd ta Jamus.

Daga Lindø Regina Mærsk ta fito a 1996 da wurin kwantena 6,000, sannan Emma Mærsk a 2006, mai tsawon mita 397, wadda ta fi kowane jirgin kwantena girma a lokacinta, kuma ma'aikata goma sha uku sun isa su tuƙa ta. Kamfanin ya ce tana ɗaukar kwantena 11,000, masana kuma suka lissafa suka ce ta kai 15,000, domin ɓoye ƙarfi ga abokan gasa tsohuwar al'adar gidan ce. Shekara uku bayan wannan abin alfahari aka sanar za a rufe maƙerar, saboda ba za ta iya gasa da farashin Koriya ta Kudu da Sin ba, kuma a 2012 aka miƙa jirgi na ƙarshe. Manyan jirage ashirin masu ɗaukar kwantena 18,000 da suka biyo baya, kamfanin Daewoo na Koriya aka ba aikinsu. Yanzu sassan injinan samar da lantarki daga iska ake haɗawa a filin, na ga wasu ƙarafa masu kama da hasumiya a jere a bakin ruwa suna jiran jirgi. Dattijon ya ce an samu sababbin ayyuka, amma ba ɗaya ba ne da ka tsaya ka ga abin da ka ƙera da hannunka ya taso kan ruwa.

Amsar tambayar da ta kawo ni a Kopenhagen na same ta. A dandalin Kongens Nytorv, gida mai lamba 8 shi ne ofishin kamfanin daga 1915 zuwa 1979, kuma taku kaɗan daga nan, a bakin Nyhavn, akwai wani ƙaton anga da aka ajiye domin tunawa da ma'aikatan jiragen Danmak da suka mutu a Yaƙin Duniya na Biyu. A daren 8 ga Afrilun 1940, sa'o'i kaɗan kafin sojojin Jamus su mamaye ƙasar, A.P. Møller ya aika wa jiragensa da ke waje umarni kada su ƙara bin maganar Kopenhagen idan ta faɗa hannun abokan gaba, ya kuma tura ɗansa Mærsk Mc-Kinney Møller, mai shekara 26, zuwa New York tare da amaryarsa Emma, inda ya zauna har 1947. Amurka da Birtaniya suka karɓe jiragen suka sa su aikin yaƙi. Cikin jirage 46 da kamfanin ke da su, 25 suka nutse, mutum kimanin 150 suka rasu. Tarihin wannan lokaci yana da tabonsa: tsohon yana da babban hannun jari a masana'antar bindigogi ta Riffelsyndikatet, wadda ta sayar wa Jamusawa makamai a lokacin mamaya, kuma da jaridar Berlingske Tidende ta tono maganar a 1999, gidan ya fusata har ya sayar da jarinsa na jaridar.

Mutumin da ya ga fiye da rabin abin da ya tara ya nutse cikin shekara biyar, ga tsufa ya zo, dole ya yi tunanin bayansa. A 1946 ya rubuta wa ɗansa wasiƙar da har yau ake karanta wa sababbin ma'aikata, wadda jigonta shi ne kada a bari wata asara ta same su matuƙar kula a kan lokaci za ta iya kare ta. Sai a 1953 ya yi abin da na ɗauka shi ne ginshiƙin labarin gaba ɗaya: ya kafa gidauniya da sunansa da na matarsa Chastine Mc-Kinney, Ba'amurkiya 'yar jihar Kentucky, ya zuba mata hannayen jarin da ke juya kamfanin. Gidauniya ba ta da mai ita, ba ta mutuwa, saboda haka ba a rabon gadonta, kuma babu magajin da zai wayi gari ya sayar da kasonsa don biyan bashi ko don ya yi fushi da ɗan uwansa. Hannun jarin kamfanin kuma iri biyu ne, mai ƙuri'a da marar ƙuri'a, don haka ko da yake ana saye da sayar da shi a kasuwar hannun jari ta Kopenhagen, kamfanin A.P. Moller Holding, wanda gidauniyar ta mallaka ɗungurungum, yana da kashi 41 da ɗoriya cikin ɗari na jarin, amma fiye da rabin ƙuri'u. Zuriyar ta gaji kujerar shugabanci da nauyin kula, ba ta gaji ikon rabawa ba. Wannan tsari ba na gidan kaɗai ba ne, kamfanin giya na Carlsberg da na magunguna na Novo Nordisk ma gidauniyoyi ne ke riƙe da su, dokar ƙasar kuma ta ba shi gurbi.

A.P. Møller ya rasu a 1965 yana da shekara 88, bayan ya shigar da kamfanin haƙar mai a tekun Arewa a 1962, domin kada izinin ya faɗa hannun wani kamfanin Jamus, da kuma harkar manyan kantuna a 1964. Ɗansa ya riƙe ragama har 1993, lokacin da ya miƙa aikin yau da kullum ga Jess Søderberg, mutum na farko da ba ɗan gidan ba da ya hau wannan kujera, shi kuma ya zauna a matsayin shugaban daraktoci har 2003. Na taka zuwa hedikwatar da ya gina a Esplanaden mai lamba 50, wani faffaɗan gini mai ruwan toka da tagogi shuɗɗa a bakin ruwa, babu ado, babu hasumiya, in ba don tutar tauraro ba sai a ɗauka ofishin haraji ne. An ce har ya haura shekara casa'in da ƙafa yake hawa bene zuwa ofishinsa. Ya rasu ranar 16 ga Afrilun 2012, ranar da kamfanin ya cika shekara 108 cif. 'Ya'yansa uku duk mata ne, ƙaramarsu Ane Mærsk Mc-Kinney Uggla ta karɓi shugabancin gidauniyar, ɗanta Robert Mærsk Uggla kuma ya zama shugaban daraktocin kamfanin a 2022, yayin da Vincent Clerc, ɗan ƙasar Siwizalan, ke tafiyar da aiki tun 2023.

A tsallaken ruwan akwai gidan wasan opera da gidauniyar ta gina ta ba ƙasa kyauta, wanda aka buɗe a 2005, an kuma dasa shi a kan layi ɗaya da fadar sarauta ta Amalienborg, suna kallon juna. Na shiga ƙaramin jirgin fito na haya na tsallaka na duba shi. Gini ne na ƙasaita, amma na fahimci 'yan ƙasar da suka yi gunaguni, domin mai kyautar, wato Mærsk Mc-Kinney Møller, shi ya zaɓi wurin, shi ya zaɓi mai zanen ginin, Henning Larsen, ya kuma tilasta masa sauya fuskar ginin har suka ɓata. Tsarin da ya hana dukiyar tarwatsewa shi ne kuma ya tara iko mai yawa a hannun mutane ƙalilan da ba wanda ya zaɓe su, a ƙasar da ke tinƙaho da daidaito tsakanin 'ya'yanta, kuma ban ga yadda za a samu na farkon ba tare da na biyun ba.

Zuriyar yanzu ta sayar da yawancin abin da kakanni suka tara a gefe. Kantunan sun tafi, kamfanin mai ya koma hannun Total ta Faransa a cinikin dala biliyan 7.45 da aka ƙulla a 2017, aka mayar da hankali kan ɗaukar kaya daga ƙofar masana'anta zuwa ƙofar mai saye, da tasoshi da rumbuna da motoci da jiragen sama, da kuma jirage masu amfani da man metanol, waɗanda na farkonsu aka yi bikin sa masa suna a 2023 a bakin wannan hedikwata. Ana cikin haka, a Janairun 2022 kamfanin MSC ya ƙwace wa Maersk matsayin na ɗaya a duniya wajen yawan kwantenar da jiragensa ke ɗauka. Shi ma na gida ɗaya ne, wani kyaftin ɗan Italiya mai suna Gianluigi Aponte ya kafa shi a 1970 da tsohon jirgi guda, kuma babu hannun jarinsa a kasuwa ko kaɗan, don haka ya fi Maersk 'yancin sayen jirage yadda ya ga dama. Babban jami'insa ma, Søren Toft, daga Esplanaden ya ɗauko shi. Ƙawancen raba jirage da kamfanonin biyu suka ƙulla a 2015 ya ƙare a farkon 2025, Maersk ta koma haɗa hanya da Hapag-Lloyd ta Jamus, tana cewa ita yanzu isowa a kan lokaci ta sa gaba, ba yawan jirage ba.